Ranar da Baba Lawwali Ya Gyara Mana Inji

Shekara goma sha ɗaya na yi ina koyar da fiziks a wata makarantar kimiyya ta 'yan mata a Gusau, kuma a cikinsu ban taɓa ganin Baba Lawwali ya zauna ya shanye kofin shayi ba. Shi ne mai kula da ɗakin gwaje-gwajenmu. Ya wanke kwalabe, ya jera kayan awo, ya riƙe makulli, shi ke nan aikinsa. Wani zai gama wannan kafin hantsi ya nemi inuwa ya miƙe ƙafa. Shi kuwa da ya aje tsumman goge tebur sai ya shiga zagaye makaranta, filaya a aljihu, yana neman abin da zai kwance.

Mutumin Nahuce ne, can ƙasar Bunguɗu. Mahaifinsa manomi ne, ya so ya gaje shi, amma Lawwali ya ce shi ba zai iya binne iri yau ya tsaya jiran sa wata huɗu ba. Ya yi gyaran keke a kasuwar Mada, ya yi aiki a gidan gurzar auduga, ya bi babbar mota zuwa Kurmi shekara biyu, ya shiga masaƙa ya fito. Ba korar sa ake yi ba. Da zarar ya gane kan aiki sai aikin ya fita daga ransa. Makarantarmu ce kaɗai ta iya riƙe shi, saboda kullum akwai abin da ya lalace, in ma babu zai samo.

Ni Bazazzagiya ce, aure ya kai ni Gusau, kuma satina na farko ya gyara mini fankar ofis ba tare da na ce ta lalace ba. Laifinta a wurinsa shi ne tana juyawa a hankali. Bayan ya taɓa ta, duk takardar da na aje a tebur sai na ɗora mata dutse. Agogon bangon shugabar makaranta ma ya sa shi gaba da minti bakwai, wai don mutane su riƙa hanzari. Muka yi zango guda muna tashin yara kafin lokaci. In aka yi masa magana sai ya yi dariya ya ce, "To ai alheri nika nuhi." Kuma gaskiya ne, abin da ya sa yin fushi da shi yake da wuya ke nan. Ban taɓa ganin mutum mai son yaran nan kamarsa ba. Yarinya ta fasa kwalba, shi zai ce hannunsa ne ya goge ta.

A farkon shekarar 1998 takarda ta iso mana cewa za a yi gasar baje kolin ƙere-ƙere ta makarantun kimiyya. Kowace jiha za ta fitar da aiki guda ya je Abuja, waɗanda suka yi fice a can kuma a kai su babban baje kolin ɗalibai na duniya a ƙasar waje. Jiharmu lokacin ba ta cika shekara biyu ba, kowa na ɗokin a ji sunanta. Aka sa ranar tantancewa wata Asabar a cikin Maris, a zauren taron wata makaranta da ke Tsafe. Doka ɗaya aka ja wa layi a takardar: aikin ya kasance na ɗalibi, tun daga tunani har ƙira.

Husna ce ta kawo tunanin da muka ɗauka. 'Yar aji shida ce, shekararta ta ƙarshe, yarinya marar surutu daga cikin garin Bunguɗu. Mahaifiyarta, Inna Saude, ƙuli-ƙuli take yi. Wanda bai sani ba yana zaton suyar ce wahala. Wahalar tana wurin fitar da mai: a zuba niƙaƙƙiyar gyaɗa a turmi, a riƙa yayyafa ruwan zafi kaɗan-kaɗan, ana juyawa da taɓarya har man ya taso. Shekara ashirin na wannan juyi sun cinye kafaɗar Inna Saude. Husna ta ce tunda ƙafa ta fi hannu ƙarfi, me zai hana a sa fedar keke ta juya taɓaryar?

Wata uku ta yi a kan abin. Ta karɓo tsohon turmin mahaifiyarta, ta sa aka ɗaura masa zoben ƙarfe mai kunnuwa biyu a baki, inda ake ɗaure sauran injin da noti. Ta gwada farantan sarƙa iri-iri har ta tsaya a kan ƙaramin faranti a wajen feda, babba a wajen taɓarya, yadda sai ka taka sau uku taɓaryar ke zagayawa sau ɗaya. Ta rubuta komai a littafi, da zane da awo. Injin ba kyau gare shi ba, wannan kam ko ni na sani. Gawar keke ce mai tsatsa a ɗaure da baƙin turmi. Amma cikin minti talatin da biyar yana ba ka mai kwalba ɗaya da rabi, kuma mai tuƙin ko haki ba ta yi.

Baba Lawwali ya ɗauki aikin nan kamar 'yarsa ce za ta tafi. Shi ya tono gawar keken a bayan sito, shi ya ɗauko turmin daga Bunguɗu a hanyarsa ta dawowa daga gida. Ya riƙa gaya wa masu gadi da masu dafa abinci cewa Husna za ta hau jirgi. Sai dai abu biyu sun tsaya masa a rai, kuma bai ɓoye ba.

"Malama," ya ce mini wata rana, "abinga hwa kamar hawainiya shi ka tahiya. Kuma ki dibi turmin ga, baƙi ƙirin, bakinai duk ya cinye. Shi za mu kai gaban manya?"

Na ce, "Baba, dokar gasa ta ce aikin ɗaliba ne. Don Allah ka bar shi yadda yake."

"Na bari," in ji shi. "Ni mi an nawa?"

Da ina da wayo da tun ranar na karɓi makullin. Ranar Laraba muka yi gwajin ƙarshe, muka naɗe injin da tamfol muka ɗaure, muka bar shi a ɗakin gwaje-gwaje. Alhamis da Juma'a na tsare Husna a ofishina muna bitar bayanin da za ta yi da Turanci, don ita in ta ga baƙi muryarta ɓacewa take yi. Na lura ban ga gilmawar Baba Lawwali ba a kwana biyun nan, na ma gode wa Allah da na samu sararin aiki.

Asabar da safe muka iske har ya loda injin a motar makaranta, a naɗe tsaf, ya zauna kusa da shi ya dafa. Ya sa sabuwar riga da hula. Duk hanyar Tsafe ƙafarsa na kaɗawa, yana murmushi shi kaɗai. Na ɗauka zumuɗin gasa ne.

Zauren ya cika. Makarantu tara, kowace da teburinta. Wasu samari sun zo da ƙaramar tashar rediyo, wasu da akwatin busar da tumatir da zafin rana, wasu da ƙararrawar kama ɓarawo da ta ƙi yin shiru. Alƙalai uku ne, babbansu wani dattijon malamin jami'a sanye da farar babbar riga. Sun fara daga ƙofa suna bin tebur-tebur, mu ne na biyar. Sai da suka kai na uku sannan Baba Lawwali ya yarda aka kwance tamfol.

Na daɗe ina kallon abin da ke gabana ban gane shi ba. An yi wa keken fenti kore da fari, an zana furanni irin na jikin babbar mota. Babu turmi. A madadinsa an walda wata tukunyar ƙarfe mai ƙyalli. An cire ƙaramin farantin nan na wajen feda an sa wani ƙato. Baba Lawwali na tsaye a bayanmu, hannaye a baya, yana jiran godiya.

Husna ta ce a hankali, "Malama, ina turmin?"

Na juya na dubi Baba Lawwali, ya matso ya rage murya. "Kwana biyu munka yi ni da mai walda. Yanzu taku guda, juyi ukku. Minti goma kin gama, ɗiyata. Kowa ya gani ya san daga babban gari munka hito."

Alƙalai sun riga sun iso tebur na huɗu. A nan ni ma na yi nawa kuskuren, ba zan ɗora masa duka ba. Kamata ya yi in je in gaya musu gaskiya tun kafin su iso. Sai tsoro ya kama ni, na ce wa Husna ta zuba ƙullun ta hau, wataƙila a dace. Ba a fafe gora ranar tafiya, na sani, amma ranar na gwada.

Ta zuba niƙaƙƙiyar gyaɗar, ta yayyafa ruwan zafi daga fulas, ta yi bayaninta ba ta ci tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Sannan ta hau ta taka. Taɓaryar ta zabura, tukunyar ta ɗau ƙara, ƙullun ya fara tsalle. Kafin ta ɗauke ƙafa wani curi ya tashi ya sauka a ƙirjin farar rigar babban alƙali, wani ya samu gilashin na kusa da shi. Samarin teburin rediyo suka fashe da dariya, zauren ya ɗauka. Mai kuwa ko ɗigo babu. Duk macen da ta taɓa yin ƙuli ta san gyaɗa ba ta sakin mai da gaggawa, kuma itacen turmi ne ke riƙe ɗumin da ake bukata. Baba Lawwali ya san injin gurzar auduga ciki da waje, amma bai taɓa tsayawa kusa da turmin mata ba.

Dattijon bai yi faɗa ba. Ya goge rigarsa da hankici, ya ɗauki littafin Husna ya buɗe. Ya dubi zanen, ya dubi injin, ya sake duban zanen.

"'Yata, wannan ba shi ne injin da ke cikin littafinki ba. Wa ya yi wannan?"

Husna ta sunkuyar da kai. Ba za ta kama sunan babba a gaban jama'a ba ko da za a kore ta. Ina shirin buɗe baki sai Baba Lawwali ya cire hularsa ya shigo gaba.

"Ni na, ranka shi daɗe. Yarinya ba ta sani ba, Malama ba ta sani ba. Gani niy yi ba a tarbon baƙo da tsumma."

Dattijon ya dube shi. Sannan ya ce abin da ke cikin littafin ya fi duk abin da ya gani tun safe, amma shi ba zai ba takarda maki ba, sai ya ga mai da idonsa. Ƙarfe uku za su sa hannu a sakamako. In ainihin injin ya tsaya a gabansa kafin lokacin, zai duba. Agogon zauren ya nuna sha ɗaya da kwata.

Da suka wuce na ce, "Baba, ina turmin?"

"Na maida ma mai shi jiya. Kayan aro na, ba a barin shi yashe."

Wato turmin yana Bunguɗu, mu muna Tsafe, Gusau na tsakani. Kuma lokacin wahalar fetur ce, layin gidan mai sai ka kwana biyu. Direbanmu ya rantse abin da ke tankinsa iyakarsa ya mai da mu gida. Ban gama magana da direban ba na hangi Baba Lawwali ya zazzage jakarsa a gaban Husna, tsohon farantin da notuna suka zubo, ya tattare sabuwar rigarsa ya nufi bakin titi da gudu.

Ban taɓa ganin yini mai tsawo irin wannan ba. Husna ta karɓi sifana ta kwance tukunyar ƙarfen, ta mai da ƙaramin farantinta. Ni kuma na shiga cikin garin Tsafe gida-gida ina sallama ina aron turmi. Matan kirki, uku suka ba ni, har da yaran da za su ɗauko. Ko ɗaya bai yi ba. Zoben ƙarfen da ake ɗaure injin a kai yana jikin na Inna Saude, an yi shi daidai bakinsa. Muka gwada ɗaurewa da igiya, taku biyu turmin ya kife. Daga nan sai sintiri, daga zaure zuwa bakin ƙofa, daga bakin ƙofa zuwa zaure. Duk motar da ta rage gudu sai in leƙa ko shi ne. Na yi sallar azahar ban san abin da na karanta ba. A raina na zagi Baba Lawwali, na yi masa addu'a, na sake zagin sa.

Daga baya ne na ji yadda tafiyar ta kasance. Motar albasa ta kai shi Gusau, ya hau kabu-kabu zuwa Bunguɗu. Ya iske Inna Saude tana cikin aiki da turmin, tana juyi da kafaɗar nan tata. Ya durƙusa ya faɗa mata abin da ya yi. Ta kwashe ƙullunta a kwano, da ya ɗora turmin a ka sai ta ce, "Allah shi sa ba ka ɓata ma ɗiyata tahiya ba." A dawowa ya samu mota daga Gusau, man motar ya ƙare an wuce Kwatarkwashi kaɗan. Ya sauka ya ɗauki turmin a ka, mutum mai shekara kusan sittin, cikin zafin ranar Maris, ya kama tafiya har wata tifa ta tausaya masa.

Dattijon alƙali ya ƙara mana rabin awa a kan alkawarinsa. Uku da rabi ya dube ni ya girgiza kai, suka sa hannu. Samarin akwatin busar da tumatir suka ci. Aka yi tafi, aka ɗauki hoto, motar alƙalai ta fita. Makarantu suka loda kayansu ɗaya bayan ɗaya.

Huɗu da minti ashirin ya shigo. Ba hula, takalmi ɗaya ya tsinke yana jan sa, sabuwar rigar ta manne a jikinsa don zufa. Ya tsaya a ƙofar zauren da turmi a ka yana duban kujerun da babu kowa. Mata biyu masu shara ne kawai, sai ni da Husna. Na tanadi maganganu tun safe, masu zafi, na jera su. Da na gan shi ko ɗaya ba ta fito ba.

Ya sauke turmin a gaban Husna. "Sun tahi?"

"Sun tahi, Baba."

Na ce mu loda mu kama hanya. Husna ta yi kamar ba ta ji ni ba. Ta jawo turmin, ta ɗaure notunan biyu, ta zuba ragowar gyaɗar da muka zo da ita. Ruwan fulas ya huce, ɗaya daga cikin masu sharar ta je kicin ɗin makarantar ta samo mata mai zafi. Ta hau keken nan mai furanni ta fara takawa a hankali. Taɓaryar ta shiga zagayawa yadda ta saba. Hawaye na zubo mata, ba ta share ba, ba ta kuma sauya taku ba.

Da aka yi kamar minti goma Baba Lawwali ya matso. "Ɗiyata, kin gaji. Kawo in amshe ki."

"A'a Baba," ta ce, ba ta dube shi ba. "Ka huta. Taimakon ya isa hakanan."

Ya ja da baya ya jingina da bango. Muka yi tsaye mu huɗu muna kallo. Ƙullun ya yi duhu, ya fara haɗe jikinsa, ya saki gefen turmin. Can sai ƙyalli ya bayyana a samansa, sannan man ya taso, ya kwanta a gefe, yana ƙaruwa da kowane juyi. Masu sharar suka aje tsintsiya suka leƙa, ɗaya ta ce wa 'yar'uwarta da tana da wannan da bayanta bai mutu ba.

Baba Lawwali ya durƙusa a bakin turmin. Ya sa yatsa ya taɓo man, ya murza, ya kai hanci.

"Ashe shina hita," ya ce.

Na ce, "Baba, wata uku ana yi a ɗakinka. Ba ka taɓa gani ba?"

Ya girgiza kai. "Ban taɓa tsayawa har ƙarshe ba, Malama. Ca nike kuna dai ƙarhwahwa mata gwiwa na. Tsoro nike ji ta kunyata gaban mutane."

Husna ta sauko ta kwashe man a kwalba, ɗaya da rabi cif, kamar yadda ta rubuta a littafinta. Ta rufe, ta goge hannu. Wata uku bayan nan ta rubuta jarrabawar fita, kuma gasar ba ta karɓar wanda ya gama makaranta.

Direba ya yi hon. Baba Lawwali ya tashi zai kama injin, sai ya tsaya, hannunsa a miƙe, ya juyo ya dubi yarinyar.

"In ɗauka?" ya ce.